Kalsiyam da alkaliniti a babban tankin murjani: tambayoyin da mutanen Sakkwato sunka fi yi, da amsoshinsu

Masu ajiye murjani mai rai cikin tankin gilashi ba su da yawa garin ga, amma 'yan kaɗan ɗin da ke akwai tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kuma duk inda anka zagaya sai an dawo ga kalsiyam da alkaliniti. Na tattaro su wuri guda na amsa. Maganar babban tanki nike yi, daga lita 500 zuwa sama, kuma lissafin duka kan lita 1000 na yi shi don shi yi sauƙin rabawa, kowa sai shi auna da nashi. Ra'ayina dai tun daga farko shi ne alkaliniti ya tsaya wuri ɗaya kullum ya fi a ce ka kai wata lamba mai kyau yau gobe ta zame, kuma nan Sakkwato zafi da bushewar iska da ɗaukewar wuta su ke yanke maka hanyar da za ka bi, ba abin da ka gani ga mutanen Amurka ko Jamus ba.

Malam, wai mi murjani ke yi da waɗanga abubuwa biyu?

Gini shike yi da su. Murjani dabba ne, ƙananan halittu ne masu taushi zaune bisa ƙashin da su da kansu ke ginawa, kuma ƙashin nan kalsiyam kabonet ne nau'in da ake ce ma aragonayit. Kalsiyam ɗin daga ruwa suke ɗaukarshi, kabonet ɗin ma daga ruwa, kuma abin da muke auna da sunan alkaliniti mafi yawanshi bayikabonet ne da kabonet ɗin da ke narke cikin ruwan. Ba murjani kaɗai ke ci ba, gansakukar nan mai tauri ruwan hoda da ke mamaye duwatsu da gilashi tana ci sosai, ƙumbar teku irin Tridacna tana ci, dodon koɗi ma na ci. Cikin Bahar Maliya ko tekun Indonesiya ruwa ba ya da iyaka, abin da anka ci nan take wani ya maye. Cikin falonka kuwa lita 1000 ce ke nan, in sun cinye sai kai ka mayar. Alkaliniti kuma na da wani aikin na biyu, shi ke riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kar shi riƙa hawa da sauka da yawa.

Wace lamba ya kamata in nema?

Ruwan teku na asali mai gishiri 35 ppt (wato kashi 35 cikin dubu) kalsiyam ɗinshi wajen 420 ppm ne (kashi 420 cikin miliyan), alkaliniti wajen 7 dKH (dKH shi ne ma'aunin alkaliniti), magniziyam wajen 1280 ppm. A tanki ana zama lafiya da kalsiyam 380 zuwa 450, alkaliniti 7 zuwa 11, magniziyam 1250 zuwa 1350, pH kuma 7.8 zuwa 8.4. Ni 8 nike ba mutane shawara su riƙe, don in abu ya kuskure ya hau ko ya sauka da ɗaya har yanzu kana cikin gida. In kayan gwajinka meq/L suke nunawa, 1 meq/L daidai yake da 2.8 dKH.

Masu Acropora, murjanin nan mai ƙashi da rassa, su kula, in ruwanka ya yi tsabta ƙwarai har naitiret da fosfet ba su fitowa ga gwaji, to kar ka kai alkaliniti 10 ko 11, kan rassan ke fara yin fari yana ƙonewa.

Wanne zan fi sa ma ido, kalsiyam ko alkaliniti?

Alkaliniti, ba ma kusa ba. Kuma dalilin lissafi ne kawai. Duk lokacin da murjani ya ci 2.8 dKH, kalsiyam ɗin da ya tafi tare da shi wajen 20 ppm ne, wato duk 1 dKH da wajen 7 ppm. To duba, tanki na kan 8 dKH da 420 ppm, anka ci 2.8, alkaliniti ya koma 5.2, fiye da kashi ɗaya bisa uku ya tafi, murjani ya shiga wahala, shi kuwa kalsiyam ya koma 400 wanda ko kayan gwajin ma da ƙyar za su nuna maka bambancin. Kalsiyam rumbun gero ne, kana ɗiba wata da watanni ba ka ga ƙasanshi ba, alkaliniti kuwa kuɗin cefane ne, kwana biyu ba ka ƙara ba sai aljihu ya bushe. Shi ya sa wanda ke auna kalsiyam kullum shina murna da 410 alhali bai san alkaliniti ɗinshi ba yake ba ni tausayi. Auna alkaliniti sau biyu ko uku a sati, kalsiyam sau ɗaya a sati ko sati biyu ya isa, magniziyam sau ɗaya a wata.

Yaya zan san abin da tankina ke ci a rana?

Ka auna yau, ka dakatar da zuba komi, ka sake aunawa gobe daidai wannan lokacin, bambancin shi ne cin rana ɗaya. In bambancin ƙarami ne ka bar shi kwana biyu ka raba biyu, amma kar ka bari shi faɗi ƙasa da 7. Lokacin aunawar na da muhimmanci don murjani ya fi ci da rana in fitila na kunne, gwajin asuba da na bayan la'asar ba za su zo ɗaya ba.

Shi gwajin kanshi a yi shi da natsuwa. Ɗauki kayan gwajin kamfanin Salifert misali, ka ɗauraye 'yar kwalbar da ruwan tankin, ka ja ruwa da sirinji daidai layi, ka ɗiga maganin launi ruwan shi yi shuɗi, sannan ka riƙa ɗiga ɗayan maganin ɗigo ɗigo kana jujjuya kwalbar da ɗan yatsa. Can kusa da ƙarshe za ka ga duk inda ɗigo ya faɗa launi ya ɗan canja ya koma, nan ne ake rage hannu, ɗigo ɗaya ka juya ka jira, har launin shi juye gaba ɗaya bai dawo ba. Ka ɗora kwalbar bisa farar takarda kusa da taga, ba ƙarƙashin shuɗiyar fitilar tanki ba, don ita ke ruɗa ido. Wanda idonshi ba ya rarrabe launi sosai shi nemi na'urar Hanna mai nuna lamba. Kuma dan Allah kar a ajiye kayan gwaji cikin mota ko ɗakin kwano da bazara, zafin watan Afrilu na lalata maganin tun kwanan watanshi bai ƙare ba.

Canjin ruwa kaɗai ba zai isa ba?

Ga tanki mai murjani masu taushi kaɗan, zai iya. Ga babban tanki cike da masu ƙashi, a'a. Tankinka na kan 7, sabon ruwa na kan 8, ka canja kashi 10 cikin ɗari, abin da ka ƙara 0.1 dKH ne, alhali tankin na cin 1 ko fiye a rana. Kuma lita 100 na sabon ruwa na cin kusan kilo 4 na gishiri, gishirin da sai an yo odarshi daga Legas ko waje. Ka riƙa canjin ruwa don sauran amfaninshi, amma ba shi ne hanyar ba. Ka kuma auna sabon ruwan kafin ka zuba, wasu gishirin irin Red Sea Coral Pro alkaliniti ɗinsu na kai wajen 12, in tankinka na kan 7.5 ka canja da yawa lokaci ɗaya to ka girgiza su.

Mi ne ne kalkwasa, kuma ta dace da Sakkwato?

Kalkwasa ruwan kalsiyam haidiroksayid ne, farar hoda da ake narkawa cikin ruwan ciko, wato ruwan da ake mayar ma tanki madadin wanda iska ya shanye. Kyawunta shi ne kalsiyam da alkaliniti take bayarwa tare daidai yadda murjani ke cinsu, ga ta da araha, ga ta tana ɗaga pH. Matsalarta guda, ba ta narkewa da yawa, wajen giram 1.5 kawai lita ɗaya ke ɗauka, kuma ba ka iya zuba ta fiye da ruwan da iska ya shanye daga tankin, in ba haka ba tanki ya cika gishiri ya ragu. Lita ɗaya ta cikakkiyar kalkwasa cikin lita 1000 tana ƙara wajen 0.11 dKH, lita 10 a rana ke nan 1.1 dKH.

To nan ne mu munka yi sa'a. Mutumin Legas iskarshi jiƙe take, tankinshi ba ya ƙafewa sosai, mu kuwa daga hunturu har bazara iska bushe take ƙayau, ga fanka bisa ruwa don sanyaya shi, tanki na shan ruwa sosai, don haka kalkwasa na iya ɗaukar kaso babba na aikin. Amma sa'ar tana da tarko, kuma shi ne abin da na fi son a ji cikin amsar ga. In ka haɗa kalkwasa da na'urar ciko mai aiki da kanta, to yanayin gari ke yanke maka yawan maganin da ke shiga ba murjani ba. Janairu da Maris ruwa na ƙafewa da yawa alkaliniti ya hau, Agusta ana tsakiyar damina iska ta jiƙe ƙafewa ta ragu alkaliniti ya faɗi, kai kuma ba ka taɓa komi ba kana ta mamaki. Maganinshi ka raba su biyu. Ka sa famfon ɗigo shi riƙa zuba adadin kalkwasa tsayayye kullum, adadin da bai wuce ƙafewar damina ba, na'urar ciko kuma ta cika sauran da tsabtataccen ruwa zalla.

Haɗawar ba wuya. Jarka mai lita 25 ta ruwan RO, wato ruwan da na'ura ta tace ta cire mishi gishiri da ma'adanai, hoda wajen giram 40, ka girgiza sau ɗaya ka rufe ka bar ta ta kwanta. Da safe za ka tarar da kashi uku, farin laka a ƙasa, ruwa garau a tsakiya, da wani ɓawo siriri a sama da ke farfashewa in ka taɓa jarkar, shi ne inda iska ta taɓa ruwan. Na tsakiyan ake so, don haka bakin tiyo shi tsaya ɗan sama da lakar. A riƙa ɗigawa sannu, an fi so da dare, wurin da ruwa ke gudu da ƙarfi. pH ɗinta ya wuce 12, tana ƙona ido da fata, kuma gida mai yara wallahi a rubuta ma jarkar suna a ɗaga ta sama, don yaro na iya ɗauka ruwan sha ne.

Ita kuma hanyar kashi biyu fa, da ake ce ma Balling?

In kalkwasa ta kasa, nan ake zuwa. Jarka biyu, ɗaya kalsiyam kulorayid, ɗaya sodiyam bayikabonet ko sodiyam kabonet, famfon ɗigo na zuba kowane daban. Hans-Werner Balling ɗan Jamus ya bayyana tashi hanyar cikin 1994, shi ya ƙara kashi na uku na gishirin teku da anka cire ma gishirin ci. Akwai kuma haɗin gida na Randy Holmes-Farley, masanin kimiyyar haɗe-haɗe ɗan Amurka, wanda masu tanki ko'ina ke amfani da shi: giram 500 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu a narka a cika shi galan ɗaya na Amurka, wato lita 3.8, sai giram 594 na bekin soda a baza bisa tire a gasa cikin oben wajen digiri 150 awa ɗaya, shi ma a narka a cika lita 3.8. Gashin ke mayar da shi sodiyam kabonet, wanda ya fi narkewa kuma shina ɗaga pH. A auna nauyin kafin gashi ba bayan gashi ba. Da wanga haɗin, mililita 190 na kowace jarka na mayar da 1 dKH da 7 ppm cikin lita 1000.

In gyara kake son yi da busasshiyar hoda, giram 30 na bekin soda na ɗaga 1 dKH cikin lita 1000, giram 37 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu na ɗaga 10 ppm. In naka marar ruwa ne ya fi ƙarfi, kashi uku bisa huɗu na wancan nauyin za ka sa. Kar a ɗaga alkaliniti fiye da 1 dKH a rana. Kar a zuba su biyun wuri ɗaya lokaci ɗaya, a ba da tazara ko ta rabin awa ce, kuma gara famfo shi raba na rana kashi da yawa da a juye shi sau ɗaya. Kalsiyam kulorayid na zafafa ruwa in shina narkewa, za ka ji bokiti ya ɗau ɗumi, don haka hoda ake zubawa cikin ruwa kaɗan kaɗan. Da damina kuma in ka bar buhunshi buɗe sai ka tarar ya jawo laima ya zama ruwa. Wurin saye ka nace ma mai darajar abinci ko ta ɗakin gwaji, ko daga Kano za a kawo maka ko daga kasuwar kemikal ta Ojota, ka ce a nuna maka rubutun jikin buhun.

Kanwa ba za ta yi ba? Ai ita ma soda ce.

Gaskiya ne akwai sodiyam kabonet da bayikabonet cikin kanwa, amma haƙo ta ake yi, tana tafe da yashi da laka da wasu gishirin da ba ka san yawansu ba, kuma ta yau daban ta gobe daban, ungurnu daban jar kanwa daban. Ba ka iya lissafi da abin da ba ka san ƙarfinshi ba. Bar ta ga miyar kuka da wake. Bekin soda ba tsada gare shi ba. Sai dai a kula ƙwarai kar yaron shago shi miƙo maka bekin hoda ta masu kek, wannan da sitaci da asid a ciki, wata ma da fosfet, gansakuka kawai za ta haifar maka.

Ance babban tanki sai da riyakta, gaskiya ne?

Can inda wuta ba ta motsi kuma ana cika tukunyar iskar gas ta CO2 kusa da gida, gaskiya ne. Riyakta bututu ne cike da tsakuwar aragonayit, ana shigar da CO2 pH na ciki shi sauka wajen 6.5 zuwa 6.8, tsakuwar ta narke, ruwan na ɗigowa cikin tanki ɗauke da kalsiyam da alkaliniti daidai gwargwado, ba ya ƙara gishiri, kuma in ya zauna sai ka yi watanni ba ka haɗa komi ba. Amma kafin shi zauna sai ka sha saiti, kuma duk ɗaukewar wuta na iya ɓata saitin. Shina kuma ja ma tanki pH ƙasa, shi ya sa masu shi da yawa ke haɗa shi da kalkwasa da dare. Kafin ka saya tambayi kanka wa zai cika maka tukunya in ta ƙare ranar Juma'a da yamma, in amsar ita ce sai an aika wani gari to ka sayi tukunya biyu ko ka haƙura. Ni ga mafi yawan gidajen garin ga kalkwasa da kashi biyu nike zaɓa, famfon ɗigo wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai, ƙaramin inbata na riƙe shi.

Ga dutsen Kalambaina nan kusa, in farfasa in zuba cikin riyakta?

Tambayar ta yi min daɗi don tunanin daidai ne. Farin dutsen da ake haƙa Kalambaina ta ƙaramar hukumar Wamakko, wanda ake siminti da shi tun shekarun 1960, ƙasan teku ya kwanta. Sama da shekaru miliyan 50 da sunka wuce wani teku marar zurfi ya rufe yankin ga, kuma har yau ana samun ɓawon halittun ruwa cikin dutsen. Kalsiyam kabonet ne shi ma. Amma bai dace da riyakta ba. Nau'inshi ya fi aragonayit wuyar narkewa, sai ka ƙara CO2 ka ƙara saukar da pH, ga laka gauraye da shi, kuma shimfiɗar ƙasar Dange da ke ƙarƙashinshi an san ta da duwatsun fosfet. Fosfet in ya yi yawa hana murjani gina ƙashi yake yi. Sayi tsakuwar da anka yi don aikin.

Ina ta zubawa amma lamba ta ƙi hawa, kuma famfo na ta yin farin ɓawo. Mi ke faruwa?

Abin da kake zubawa ba murjani ke ci ba, daskarewa yake yi bisa kayanka. Ruwan teku dama ya ɗauki kalsiyam kabonet fiye da ƙima, magniziyam ne ke hana shi daskarewa, shina manne ma ƙananan ƙwayoyin da sunka fara haɗuwa ya hana su girma. In magniziyam ya sauka, ko pH ya hau da yawa, ko kana tura kalsiyam 500 da alkaliniti 12 tare, sai abin shi fara zubowa, kuma wuri mai ɗumi yake fara kamawa don kalsiyam kabonet ya fi ƙin narkewa cikin zafi, shi ya sa cikin famfo ne farko. Yashin ƙasa ma sai ka ga ya dunƙule ya yi tauri.

Fara da auna gishiri, da rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, da anka saita da ruwan 35 ppt. In gishirinka 32 ne, kalsiyam ɗin da ya kamata shi zama 420 zai nuna 384 ba tare da kowa ya ci ba. Sannan magniziyam. Ɗaga shi na cin kaya da yawa, gishirin Epsom na kemis kashi 10 cikin ɗari ne kawai magniziyam, don ƙara 100 ppm cikin lita 1000 sai kilo guda, kuma gara mafi yawan ya zama magniziyam kulorayid don Epsom zalla na tara salfet. A raba shi kwanaki. Ka rage zubin kwana biyu uku ka bar pH shi sauko, daskarewar za ta tsaya. Famfon kuma ka kwance shi ka jiƙa cikin farin binega, za ka ga ƙananan kumfa na tasowa daga ɓawon, bayan 'yan awoyi buroshin haƙori ya ishe shi.

Innalillahi, ruwan ya yi fari fat, kalkwasa ta zube da yawa!

Kashe abin da ke zubawa, auna pH. Farin kanshi ba shi ne haɗarin ba, zai kwanta cikin kwana ɗaya ko biyu. In pH ya wuce 8.6 sa farin binega wajen mililita 260 ga lita 1000, zai saukar da wajen 0.3, ka zuba sannu inda ruwa ke gudu, ka sake aunawa kafin ka ƙara, sikima kuma, wato na'urar da ke hura kumfar iska cikin ruwa tana fitar da datti, ta ci gaba da aiki don binega na ja ma ruwa ƙarancin iska. Kar ka yarda da gwajin kalsiyam ko alkaliniti sai ruwa ya washe, farin ƙurar na narkewa cikin maganin gwaji ta ba ka lamba sama da gaskiya.

Mi zafi da ɗaukewar wuta ke yi ma lissafin?

Tankin murjani digiri 25 zuwa 26 yake so, garin ga kuwa Maris zuwa Mayu muna wuce 40 a inuwa, don haka AC ko na'urar sanyaya ruwa dole ce, tare da sola ko janareto bayanta. In ruwa ya kai 30 ya jima, murjani na korar ƙananan tsiran da ke zaune cikin namanshi suna ba shi abinci da launi, sai shi yi fari. Abin da mutane ke mantawa shi ne murjanin da ya sha wahala ya daina gini, wato ya daina ci, famfon ɗigo kuwa bai san an yi komi ba shina ta zuba na kullum, kwana uku sai ka ga alkaliniti 11 ko 12, ka ƙara ma marar lafiya wata cutar. Duk ranar da tanki ya yi zafi ko fitila ta wuni a kashe, washegari ka auna, ka rage zubi ko ka tsayar, ka riƙa aunawa kullum har cin shi dawo.

Na biyu, haɗin waya. In famfon ɗigo na kan inbata amma babban famfon da ke mayar da ruwa sama na kan wutar gari, to in an ɗauke maganin na taruwa cikin ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban, cikin ruwa tsaye, rabi ya daskare, sauran ya hau gaba ɗaya in wuta ta dawo. Sa su layi ɗaya, ko su tsaya tare ko su yi aiki tare. Haka bawul ɗin CO2 da famfon riyakta, in gas na shiga ruwa ba ya zagayawa tsakuwar ta koma laka. Ka kuma duba ko famfonka na riƙe agogonshi bayan wuta ta dawo, wasu masu arahar sai sun koma sifiri.

Alkaliniti na daidai amma pH ya ƙi wuce 7.8.

Iskar ɗakin ce. Falo rufe ruf saboda AC da ƙurar hunturu, ga jama'a, ga hayaƙin girki ko turaren wuta, CO2 ya taru ya shiga ruwa. Kar ka ƙara soda don ka bi pH, alkaliniti kawai za ka haura da shi. Ja tiyon iskar sikima ta taga zuwa waje, nesa da inda janareto ke aiki, ka ɗaura ma bakinshi auduga ko soso saboda ƙura, ka riƙa canjawa. Kalkwasa da dare ma na taimakawa. In 7.8 ɗin da asuba ne kawai kuma murjani na girma, ƙyale shi.

Ruwan burtsatse ko na leda zai yi? Ai ance da kalsiyam cikinshi.

Kalsiyam ɗin da ke ciki bai kai ya rufe abin da ke biye da shi ba, naitiret, silika, ƙarfe, na famfo kuma da kulorin. Duk abin da ka zuba a matsayin ciko ruwan ne ke tashi shi kuwa ya zauna, kuma mu da ke ciko da yawa taruwar ta fi sauri. RO/DI kawai, wato ruwan RO da anka ƙara tacewa, mitar TDS mai auna abin da ke narke cikin ruwa ta nuna sifiri. Na leda wani RO ne wani ba shi ba ne, sai ka sa mita.

Tunda na fara kashi biyu gishiri na ta hawa, ko na yi kuskure?

Ba ka yi ba, haka hanyar take. Murjani ya ɗauke kalsiyam da kabonet ya bar maka sodiyam da kulorayid, wato gishirin ci. Auna duk sati, in ya wuce 35 ka ɗebe ɗan ruwan tanki ka mayar da RO. Canjin ruwa na yau da kullum ke gyara sauran ma'adanan, wanda kuma ke da hali shi aika ruwa gwajin ICP, mai auna duk ma'adanan da ke cikin ruwa, wurin kamfanin Triton ko ATI a Jamus lokaci lokaci.

Zan tafi Umara sati biyu, yaron gida zan bar ma tankin. Mi zan gaya mishi?

Allah shi karɓa, Alhaji. Sati biyu kafin tafiya ka daina canja komi, kar ka sa sabon murjani, kar ka taɓa saitin famfo, kar ka gwada sabon gishiri. Cika jarkunan duka ka lissafa ko za su kai, mililita 190 a rana sati biyu bai kai lita 3 ba, ruwan ciko ne zai fi ƙarewa don haka shi za ka tanada da yawa. Jarkar kalkwasa kar ta fi abin da tanki zai iya ɗauka in duk ta zube. Koya ma yaron gwajin alkaliniti kaɗai, shi yi a gabanka har hannunshi shi faɗa, shi riƙa turo maka hoton sakamakon da na ma'aunin zafi ta WhatsApp duk bayan kwana biyu. Hodar gyara kuwa ka kulle ta ka tafi da makullin. In lamba ta wuce 9.5 shi zare filogin famfon alkaliniti, ka manna ma filogin jan salatif don kar shi zare na babban famfo, in ta sauka ƙasa da 7 shi kira ka kafin shi taɓa komi.